Mai Tari Ya Shigo Asibiti, Zuciyarki Ta Ce Wannan Ba Murar Hunturu Ba Ce

Tambaya: Likita, ni ce ke riƙe da wani asibitin sha-ka-tafi a karkara. Ɗakuna huɗu ne da baranda, ma'aikata shida, babu likita. Duk ranar da na ji a rediyo cewa wata sabuwar cutar numfashi ta ɓulla a wata ƙasa sai gabana ya faɗi. Yaya zan gane ta a cikin masu mura da tarin da muke gani kullum? In kuma na yi zargi, me zan yi da mara lafiyar kafin taimako ya iso?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Zan fara da abin da zai sauke miki wani nauyi. Babu ma'aikacin lafiyar da zai dubi mai zazzaɓi da tari a rana ta farko ya ce wannan baƙuwar ƙwayar bairos ce, wancan kuma murar da muka saba. SARS ta 2003, MERS ta 2012, korona ta 2019, murar tsuntsaye, duk da kaya iri ɗaya suke yin sallama: zazzaɓi, tari, ciwon jiki, kasala, wani lokaci har da gudawa. Sa wa cutar suna aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma sai an kwana biyu sakamako zai zo. Naki aikin yana cikin minti goma na farko bayan mutumin ya tako ƙofar asibitinki. A ɗan wannan lokacin ne ake sanin ko mutum ɗaya zai kwanta ko unguwa guda.

Ki dubi abin da ya faru a Koriya ta Kudu a 2015, ƙasar da asibitocinta suka fi namu kayan aiki nesa ba kusa ba. Wani dattijo ɗan shekara 68 ya dawo daga ƙasashen Larabawa a farkon watan Mayu. Bayan mako guda ya fara zazzaɓi da tari. Ya je wannan asibiti bai ji sauƙi ba, ya koma wancan, har wurare huɗu, sai ranar 20 ga Mayu aka gane MERS ce. Kafin nan ya zauna cikin jama'a, ya kwana kusa da wasu marasa lafiya da masu jinyarsu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauka a wurinsa ya yi kwana uku a sashen gaggawa na wani babban asibitin birnin Seoul, kuma shi kaɗai ya harbi mutum 82. Da ƙura ta lafa, mutum 186 ne suka kamu, 38 suka rasu, an killace fiye da 16,000. Masu bincike sun lissafa dalilan: cunkoso a wurin jira, yawo daga asibiti zuwa asibiti, dangin da ke kwana da mara lafiya, da tururuwar 'yan dubiya. Ki sake karanta dalilan nan, ki gaya mini wanne ne babu a garinku.

To, aikin daga bakin ƙofa yake farawa, kuma sau da yawa wanda ya fi kowa muhimmanci a ranar shi ne mai ba da kati ko mai gadi. Ki koya masa tambaya guda da zai yi wa kowa kafin ya zauna: akwai tari, ko zazzaɓi, ko wahalar numfashi? Duk wanda ya ce e, a miƙa masa takunkumi nan take, ya wanke hannu, a nuna masa benci na dabam, da tazarar aƙalla mita ɗaya tsakaninsa da na kusa da shi, mita biyu in wuri ya bari. A duba shi da wuri, kada a bar shi ya bi layi. Ki mai da wannan tsarin na kullum, da annoba da babu annoba, domin shi ne dai yake kare jaririn da aka kawo rigakafi daga mai tarin fuka da mai ƙyanda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikacin da bai saba raba benci a ranar Talata mai tsit ba, ba zai iya ba ranar da asibiti ya hargitse.

Barandar nan da kika ambata dukiya ce. Iska mai kaɗawa tana tarwatsa ƙwayar cuta fiye da duk wani feshin da za a kawo miki talla. Benci a inuwar darbejiya ya fi rufaffen ɗaki mai na'urar sanyaya wuri aminci.

Bayan an raba, sai tambaya, kuma a wannan lamari tambaya ta fi awon ƙirji amfani. A cikin kwana 14 kafin ciwon ya fara, ina aka je, me aka taɓa, wa kuma yake irin wannan ciwon? A wurinmu tafiyar da ta fi dacewa a bincika ita ce Hajji da Umara, saboda MERS. An fara gano ta a Jidda a 2012, a jikin wani mutum da ya rasu da ciwon huhu da gazawar ƙoda. Daga lokacin an tabbatar da ita a jikin mutum sama da 2,600 a ƙasashe 27, galibinsu a Saudiyya, kuma wajen kashi 35 cikin 100 na waɗanda aka tabbatar sun rasu. Amma kada wannan ya sa ki firgita da kowane alhaji. Mafi yawan alhazai da tari suke saukowa, kuma murar cunkoso ce da ƙura. Wanda za ki sa wa ido shi ne wanda tarinsa ya sauka ƙirji yana haki, musamman in ya kwanta ko ya je dubiya a wani asibitin Saudiyya, ko ya shiga garken raƙuma, ko ya sha ɗanyen nonon raƙumi ko fitsarinsa. Mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda da tsoho suna iya zuwa babu zazzaɓin kirki, sai gudawa da kasala, sannan ƙirjin ya biyo baya. Su ne kuma cutar ta fi kashewa.

Raƙuman ba sai an haye teku ba. An gano ƙwayar MERS a hancin raƙuman da ake yankawa a mayankar Kano, kuma wani bincike da ya biyo baya ya nuna alamar cewa jikin wasu masu aikin raƙuma a can ya taɓa haɗuwa da ita. Jinsin da ke raƙuman Afirka ya ɗan bambanta da na Saudiyya, kuma ba a ga ya ta da annoba a cikin mutane a nan ba. Duk da haka, mahauci ko dillalin raƙuma da ya zo da ciwon huhu mai tsanani ya cancanci ki rubuta sana'arsa a kati, ki kuma faɗa wa na gaba da ke.

Sai kaji. Murar tsuntsaye samfurin H5N1 ta fara bayyana a nahiyar Afirka ne a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, a Fabrairun 2006, kuma a Janairun 2007 ta kashe wata matashiya 'yar shekara 22 a Legas. Kin san al'adarmu: kaza ta fara gyangyaɗi, sai a yi maza a yanka ta kada ta zama mushe. Wanda ya yanka, da wadda ta fige, da yaron da ya kwashe gashin, su ne a bakin haɗari. Kada ki tsaya a "kuna da kaji?" Ki ce, "Kaji sun mutu a gidanku ko maƙwabta cikin makon nan? Wa ya gyara su?"

Duk waɗannan cututtuka ne masu suna. Wadda ba a raɗa wa suna ba tukuna ba ta da jerin ƙasashen da za ki tambaya, sai dai ki gane ta da sawunta. Mutum biyu ko uku daga gida ɗaya, ko tsangaya ɗaya, ko rumfar kasuwa ɗaya, sun kwanta da ciwon ƙirji mai tsanani cikin mako biyu. Saurayi lafiyayye, wanda bai kamata ciwon huhu ya kayar ba, ya faɗi cikin kwana uku. An ba da maganin da aka saba, kwana biyu babu sauƙi sai ƙaruwa. Alamar da ta fi duka ƙarfi kuwa ita ce ma'aikacin lafiya ya kwanta da irin ciwon wanda ya yi wa aiki. Da wannan ne likitan nan ɗan Italiya, Carlo Urbani, ya gane SARS a birnin Hanoi na Biyetnam a ƙarshen Fabrairun 2003. Ya ga mara lafiya guda, sannan ya ga ma'aikatan asibitin suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ya sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya tun kafin kowa ya san wace ƙwaya ce. Shi kansa cutar ta kashe shi ranar 29 ga Maris na shekarar, amma Biyetnam ce ƙasa ta farko da ta shawo kanta, a ƙarshen Afrilu. A duniya baki ɗaya SARS ta kama mutum 8,096, ta kashe 774, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka kamu ma'aikatan lafiya ne, irinki da irina.

Yadda ake tambayar ma wani ilimi ne. A watannin farko na korona, lokacin da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, an kawo mini wani magidanci yana numfashi da kyar, ƙannensa biyu da surukinsa suna tsaye a kansa. Na tambaye shi ko ya yi tafiya, ya ce ko tasha bai leƙa ba. Sai da na roƙi kowa ya fita, na ja kujera na zauna daidai fuskarsa, na ce, "Alhaji, ba hukuma zan haɗa ka da ita ba. Akwai tsohuwa a gidanka? Ita nake so mu kare." Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, sannan ya ce kwana shida ke nan da dawowarsa daga Kudu a bayan motar kaya. Mutumin ba maƙaryaci ba ne, tsoron tozarci yake yi a gaban surukinsa. Tun daga ranar ban sake yin tambayar tafiya a gaban jama'a ba.

Zargi daban, tsananin ciwo daban, kuma na biyun ne ke gaya miki ko mutumin zai kai gobe. Ki ɗaga riga, ki dubi agogo, ki ƙirga numfashi minti ɗaya cur. Babba da ya haura 30 a minti yana cikin haɗari. Jariri ƙasa da wata biyu, 60 zuwa sama. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Ki duba ko ƙasan haƙarƙarin yaro yana lotsawa in ya ja numfashi, ko yana gurnani, ko ya kasa shan nono, ko yana suma. A babba ki lura ko ba ya iya ƙarasa magana sai ya huta, ko hankalinsa ya fara rikicewa.

In akwai abu ɗaya da zan roƙi ki saya, ko da kuɗin aljihun kwamitin asibiti ne, to 'yar na'urar nan ce da ake maƙalawa a yatsa ta auna iskar oksijin a jini. Korona ta koya mana cewa mutum yana iya zama yana hira da ke lafiya lau alhali iskar jininsa ta faɗi ƙasa sosai. In ta nuna ƙasa da 90 ciwo ne mai tsanani, babu jayayya. Sai dai ki san halin na'urar. A baƙar fata tana yawan nuna adadin da ya ɗan fi na gaskiya, don haka in ta nuna 92 ko 93 ga mai haki, ki ɗauka abin ya fi haka. Jan farce, baƙin lalle da sanyin yatsa a hunturu duk suna ruɗa ta. Ki murza hannun ya yi ɗumi, ki nemi yatsan da babu lalle, ki jira lambar ta tsaya.

Kuma don kina neman baƙo kada ki manta da 'yan gida. Ki gwada zazzaɓin cizon sauro, amma ki sani cewa da damina gwajin yana iya nuna akwai alhali ba shi ne ke cin ƙirjin ba. A yi maganinsa, a ci gaba da zargi. Tarin da ya kai mako biyu, a aika kaki gwajin tarin fuka. Ki leƙa maƙogwaro da fitila, domin tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya yi mana ɓarna, musamman a Kano, kuma farar fatar nan mai toka-toka da kumburin wuya ba sa ɓuya. Ƙyanda, asma, ciwon zuciya da zazzaɓin Lassa duk suna iya zuwa da tari.

To, kin yi zargi. Ki ware ɗaki ɗaya cikin huɗun nan, wanda ya fi tagogi kuma ya fi nisa da ɗakin haihuwa. A buɗe tagogin duka, a rufe ƙofar da ke kallon cikin asibiti. Mara lafiya ya ci gaba da sa takunkumi in numfashinsa ya yarda. A ware masa ma'aunin zafi, na'urar awon jini, kofi, bokiti da fo. Ma'aikaci ɗaya ne zai riƙa shiga, kuma kada ya zama mai ciki, ko mai suga, ko dattijon cikinku. Mai jinya ɗaya daga dangi, da takunkumi, ba a canza shi kullum. A ajiye littafi a ƙofa, duk wanda ya shiga a rubuta sunansa da lokaci.

Mai shiga zai sa takunkumin asibiti, gilashi ko garkuwar fuska, riga mai dogon hannu da safar hannu. Ga cutar da ba a san kanta ba, in kina da N95, takunkumin nan da ya fi na asibiti tace iska, ki sa shi, kuma wajibi ne a duk aikin da ke ta da tururin majina, kamar zuƙo majina da na'ura ko danna ƙirji. Wurin cirewa aka fi kamuwa, lokacin da mutum ya gaji, gumi ya jiƙa shi, yana ɗokin ya sha iska. Safar hannu da riga su fara fita, a wanke hannu, a cire abin ido, takunkumi ya zama na ƙarshe kuma ta igiyar baya, a sake wanke hannu. Da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, da sinadarin goge hannu daƙiƙa 20 zuwa 30. Ki sa wani ya tsaya yana kallon mai cirewa yana tuna masa.

Mai shara ma'aikacin lafiya ne, a ba shi kayan kariya daidai da na kowa. A fara wankewa da ruwa da omo, sannan a bi da ruwan bilic. Ki duba jikin kwalbar: in ƙarfinta kashi 3.5 cikin 100 ne, kamar yawancin na kasuwa, awo ɗaya a cikin awo 34 na ruwa ya isa gado, teburi da mariƙin ƙofa. Inda jini ko amai ya zuba, awo ɗaya a cikin awo 6. A haɗa sabo kullum, domin rana da zafi suna kashe ƙarfinsa. Gogewa ake yi da tsumma. Kada a fesa wa mutum bilic a jiki, kada a yi shara da busasshiyar tsintsiya a ɗakin.

Sanarwa kuwa ba ta jiran tabbaci. Da zarar zargi ya tsaya a ranki, ki kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarku, wanda muke kira DSNO, a ranar, kada ta kwana. Shi zai kai ga jami'in annoba na jiha, daga nan zuwa NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa. In wayarsa ba ta shiga, akwai layin NCDC na kyauta, 6232. Na san abin da ke hana mutane kira: kada a zo a gwada a ce ba komai, a ji kunya. Ni dai a ganina, kira goma da suka zama murar banza sun fi shiru ɗaya da ya zama makoki. Kafin ki kira ki tanadi suna, shekaru, unguwa, ranar da ciwo ya fara, inda aka je, da duk kemis ko asibitin da aka biya kafin a zo wurinki.

Ɗaukar samfur ki bar wa tawagar da aka horar, sai in an horar da ke kuma kina da cikakken kayan kariya. Amma ki san yadda ya kamata a yi, don ki gane in an yi ba daidai ba. Ana shafo can cikin hanci da maƙogwaro da tsinken roba na musamman, ba auduga mai tsinken katako ba, a tsoma a ruwan adana ƙwayar cuta. In mara lafiya yana fitar da kaki da kansa a karɓa, domin MERS a can ƙasan huhu take zama, kuma gwajin hanci guda da bai nuna komai ba bai wanke mutum ba. A naɗe samfurin a mazubi uku, ɗaya cikin ɗaya, a ajiye a sanyin digiri 2 zuwa 8, ya isa ɗakin gwaji cikin kwana uku. Kada ya shiga firjin allurar rigakafi, kada ya shiga akwatin sanyin da za a fita da shi rigakafi gobe.

Magani fa? Yawancin sababbin ƙwayoyin bairos ba su da nasu maganin a lokacin da suka ɓulla. Abin da ke ceton rai shi ne oksijin. Babba a fara masa da lita 5 a minti ta bututun hanci, a ƙara ko a rage har na'ura ta tsaya a 90 zuwa sama. Mai ciki ana son 92 zuwa 95. Jariri rabin lita zuwa lita 1, yaro lita 1 zuwa 2, a ƙara in da buƙata. Ki iya lissafin tukunyarki: lita 5 a minti lita 300 ke nan a awa, don haka ƙaramar tukunya mai lita 680 awa biyu da 'yan mintuna kawai za ta yi. Mutane da dama a hanya iskarsu ta ƙare saboda babu wanda ya yi wannan lissafin. Babba da ke cikin hayyacinsa, kwanciyar rub da ciki na 'yan awanni tana buɗe bayan huhu, iskar jini ta ɗaga.

Abubuwa uku nake so ki riƙe hannunki a kansu, kuma dangi za su matsa miki a kan dukkansu. Na farko ƙarin ruwa. Mutanenmu ba sa ganin an yi aiki sai leda ta rataya, amma huhun da ya kumbura yana tsotse ruwan da aka ɗura, mara lafiya ya ƙara nutsewa. In yana iya sha, a ba shi ta baki. Leda sai ga wanda jininsa ya faɗi ko ya bushe, kuma a hankali. Na biyu allurar dexamethasone. Babban binciken da aka yi a Ingila a 2020 ya nuna tana rage mutuwa ga mai korona da ke kan oksijin, miligiram 6 a rana har kwana 10, amma ba ta amfani wanda bai kai ga buƙatar oksijin ba, kuma a MERS an ga irin waɗannan magunguna suna jinkirta fitar ƙwayar daga jiki. Ga cutar da ba a sani ba, ki bar wannan shawara ga likitan da za ki tura wa. Na uku na'urar hayaƙin asma. In dole ne a buɗe ƙirji, abin shaƙa ta cikin gora ya fi, domin na'urar tana iya watsa tururi a ɗaki.

Abin da za ki bayar kuwa: farasitamol don zazzaɓi, ban da asfirin ga yara. In akwai alamun ciwon huhu a fara maganin kashe bakteriya bisa littafin ƙa'idar aikinku, amoxicillin ga mai sauƙi, allurar farko ta ceftriaxone ga mai tsanani kafin a tura shi, domin ba ki da hanyar tabbatar da cewa bakteriya ba sa ciki. In zargin murar tsuntsaye ne, ki faɗa wa DSNO a kiran farko cewa ana buƙatar maganin oseltamivir, domin da wuri yake aiki. Ki auna suga, ki ci gaba da magungunan da mutum ya saba sha.

Turawa gaba ma tana da ladabi. A kira asibitin da za a je tukuna, a gaya musu abin da ake zargi, su faɗi ƙofar da za a shiga. Takarda kawai a hannun dangi, a ce "ku je babban asibiti", ita ce hanyar da mara lafiya ke ƙarewa a tsakiyar cunkoson sashen gaggawa, kamar na Seoul. Ban da motar haya mai fasinja. In babu motar asibiti, a samu mota guda, gilasai a sauke, direba da takunkumi, ɗan rakiya ɗaya, a goge motar bayan an sauka. Wanda ciwonsa bai yi tsanani ba, tawagar jiha ce za ta yanke ko a gida zai zauna ko a cibiyar killacewa. Kafin su zo yana wurinki.

Tun motar ba ta tashi ba ki zauna da littafi. Waɗanda suka zauna benci ɗaya da shi, mai babur ɗin da ya kawo shi, mutanen gidansa, wanda ya yi masa allura a kemis, da ma'aikatanki da suka taɓa shi babu kariya. Za a bibiye su kwana 14, ana auna zafin jiki safe da yamma. Ma'aikacin da ya fara zazzaɓi ya zauna a gida ya kira ki, kuma ki tabbatar masa a gaban kowa cewa ba za a yi masa kallon malalaci ba. 'Yan dubiya kuwa, kada ki kore su da tsawa. Dubiya ibada ce a wurinsu, kuma suna da gaskiya. Ki nemi liman da mai unguwa su yi bayani, a tsaya ta taga a yi addu'a, a gaisa ta waya. Sunan mara lafiya kuma amana ne a hannunki, kada ya fita ta WhatsApp ɗin ma'aikata.

Akwai kuskuren da ya fi duk waɗannan ci mini rai. An tabbatar da korona a Kano ranar 11 ga Afrilun 2020, kuma cikin makonnin da suka biyo baya maƙabartu suka cika. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da alaƙa da korona. Sauran fa? A makonnin nan asibitoci da dama sun rage aiki ko sun rufe saboda tsoro da rashin kayan kariya, masu hawan jini da suga da sauran cututtuka suka rasa inda za su. Na ga dattijon da aka yi ta yawo da shi a bayan mota ana cewa babu gado, don kawai yana tari. Duk tsarin da na zayyana miki, benci na dabam, ɗaki guda, takunkumi, an yi shi ne don ki iya karɓar mai tari ki yi masa aiki, kuma mai naƙuda ta ci gaba da haihuwa a ɗakin da ke gefe.

A makon nan ki samu kwali guda ki zuba takunkumin asibiti kwali ɗaya, N95 ko guda biyar, riguna, safar hannu, abin kare ido biyu, sabulu, bilic, littafi da biro, ki rubuta a jikinsa cewa ba a taɓawa sai da izininki. Ki manna lambar DSNO da ta asibitin da kuke turawa a bango, kusa da teburin kati. Sannan ki zaɓi wata rana da babu cunkoso, ki sa ɗaya daga cikin ma'aikatanki ya shigo ta ƙofa yana tari kamar baƙo, ke kuma ki tsaya da agogo ki ga minti nawa za a yi kafin a miƙa masa takunkumi. Lambobin bangon kuma ki riƙa kiransu farkon kowane wata, domin ana yi wa jami'ai canjin wurin aiki, layuka kuma suna mutuwa.